Itacen da Gara Ta Ƙi Ci

Da za a ba ni dama in goge abu ɗaya daga rayuwata, ba wani babban abu zan zaɓa ba. Zan zaɓi ranar da na tsaya a gefen hanyar Gwada na kalli wani mataccen itace na ce na san shi, alhali ban san shi ba. In an ƙara mini dama ta biyu, zan goge shirun da na yi bayan haka, domin shi ne ya fi cutar da mai ɗakina.

Ni kafinta ne, ɗan kafinta. Kakana aikin reluwe ne ya kawo shi Minna, ya zauna, muka zama 'yan gari. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a kan katako ba na jin akwai wanda zai koya mini wani abu a unguwarmu Sauka Kahuta. In ka rufe mini ido ka miƙo mini falanki, zan gaya maka ko maɗaci ne ko malaina. Abin da ban taɓa tsayawa na lura ba shi ne, ni da itace ba ma haɗuwa sai bayan an sare shi, an tsaga, an kankare. Ban san ganyensa ba, ban san ɓawonsa ba. Ina nan kamar wanda ya san nama a tiren mai tsire, yana ganin ya san saniya.

Mai ɗakina kuwa girkin taro take yi. In za a yi biki ko suna ko saukar karatu a unguwarmu, ita ake fara zuwa wa kafin a sa rana. Tana da manyan tukwane guda biyar da ta tara ɗaya bayan ɗaya, irin waɗanda sai mutum biyu sun kama. Sunanta shi ne jarinta. Ba ta da shago, ba ta da allon talla. Wadda ta ci ce take gaya wa wadda ba ta ci ba. Itacen girkinta kuma a wurin matan Gbagyi take saya, waɗanda suke shigowa gari da shi a kafaɗa. Ba ta karɓar dami sai ta zaro ɗaya ta karya, ta sunsuna, ta juya shi. Ni kuwa in zauna ina mata dariya, ina cewa, "Hajiya, itace ne fa, ba turare ba."

Sai babbar 'yarmu ta haihu, haihuwar fari, kuma a gidanmu take wanka. Ke nan yinin suna a tsakar gidanmu za a yi. Dangin mijin za su zo daga Chanchaga, ga duk matan unguwa, wato duk waɗanda suke kiran Hajiya girki. Ta ce mini wannan karon tana so ta yi abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba: dafa-duka, da sakwara da miyar agushi, da waina da safe. Aka bar mini sayen doya.

Na samu wani abokina mai a-kori-kura, muka tafi Gwada ranar kasuwa. Muka yi lodin doya, muka kamo hanya. Ba mu yi nisa ba motar ta yi zafi, ya tsaya zai zuba wa lagireto ruwa. Ni kuma na gangara in kama ruwa. A nan na gan shi.

Ƙaton itace ne kwance a bakin wata gonar doya, ya bushe ƙayau, ba ganye ko ɗaya, ɓawon ma ya kusa gama zubewa. Wata 'yar hanya ta bi ta gefensa, ƙafa ta tattake ta har ta yi santsi. Ina tsaye mata uku suka wuce ta kanta da ƙananan ƙirare a kafaɗa, da ganinsu daga nesa suka yiwo su. Ko kallon itacen ba su yi ba. Mai hankali da ya tambayi kansa dalili. Ni abin da na ce a raina shi ne, Allah sarki, ba su da gatarin da zai iya da shi.

Na ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya amsa kamar ƙarfe. Na ciro wuƙa na kankare, cikinsa ja. Sannan na ga abin da ya gama ruɗa ni. Taku kaɗan daga wurin akwai suri, amma duk tsawon itacen babu inda gara ta taɓa. A sana'armu babu yabon da ya kai wannan. Katakon da gara ta ƙi, shi ne wanda ake yi wa mai kuɗi ƙofa da shi. Nan take na yanke hukunci cewa kirya ce, wadda maƙera suke neman gawayinta. A gaskiya ban taɓa ganin kirya a tsaye ba, taɓarya kawai na sani da aka ce da ita aka yi.

Akwai wata tsohuwa a cikin gonar tana gyaran kunyar doya. Na yi mata sallama.

"Sannu Mama. Wannan itacen na waye?"

Ta miƙe ta dafa ƙugu. "Ba na kowa. Iska ya kayar da shi, damina biyu ke nan. Kujera za ka yi?"

"A'a, girki za a yi. Sunan jikana."

Ta yi dariya har ta ajiye fartanya. "Baba, wannan ba a dafa abinci da shi. Hayaƙinsa ba kyau. Ka bar shi."

Na gyara hula. "Mama, ni kafinta ne. Tun kafin in yi gemu nake cin abinci da itace. Wannan kirya ce."

"To, kafinta," ta ce, "ka ɗauka. Amma ka fara ƙona ƙarami ka ji."

Mai motar da ya biyo ni ya ja ni gefe. "Oga, mutanen nan fa su ne da dajin nan. Ka ji maganarta."

"Kai dai ka san taya da giya," na ce masa. "So take mu bar shi, mu sayi nata a gari."

Aka nemo mana mai injin yankan itace daga ƙauyen. Yana farawa ya tsaya ya ɗaure hancinsa da tsumma, ya yi ta atishawa har ya gama. Wannan ma na gani, na ce mura ce. Muka ɗora gungumen a kan doya, motar tana nishi, ni ina gaba ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga yaƙi da ganima.

Kwana biyu na yi ina faskare. Na jera shi a jikin katangar tsakar gida, tsaf, kai da kai, yadda duk wanda ya shigo zai gani. Hajiya ta zo ta zaro ɗaya ta kai hanci.

"Malam, wannan wane itace ne?"

"Kirya."

"Kiryar da na sani ba haka take wari ba."

"Wannan ta Gwada ce."

Ta ce, "Bari in sa ɗaya a murhu in gani."

Na hana. Har yau in na tuna dalilina sai in ji kunya: ba na so a ɓata mini jerin kafin surukai su gani. Ta ce to a bar ta ta sayi dami biyu na marke ta ajiye, ko da wani abu. Na ce wannan raini ne, mutum ya cika gida da itace a ce za a sayo wani. Washegari matan da suke kawo mata suka zo ƙofar gida, ni da kaina na sallame su, na ce bana mun hutar da su.

Ranar suna aka yi raɗi da safe lafiya. Wainar da aka raba da ragowar tsohon itacenta aka yi ta, kowa yana santi. Wajen hantsi aka kafa duwatsun murhu, aka ɗora manyan tukwane, aka cusa musu kiryata. Ni ina waje ƙarƙashin rumfa da maza, ina karɓar barka.

Warin ne ya fara iso mu. Ban san yadda zan kwatanta shi ba, sai dai in ce kamar an cinna wa tsohuwar katifar da yara suka shekara suna fitsari a kai wuta. Hayaƙin kuma ba ya tashi sama kamar na Allah da Annabi, sai ya kwanta yana bin ƙasa yana shiga ɗakuna. Muka fara jin tarin mata daga ciki. Can Hajiya ta leƙo zaure, idanunta jajur, ta yafito ni.

"Malam, itacen nan fa. A cire shi tun da wuri."

Nan ma da na ce to, da an tsira da rabin abincin. Amma maza suna kallona ta ƙofa. Na rage murya na ce, "Haka kirya take farawa. In ta kama sosai zai daina. Ki ƙara haƙuri kaɗan."

Ta dube ni, ta koma. Ta yi haƙurin da na ce. Kafin a yanke shawarar zare itacen a shiga maƙwabta aron wani, shinkafa ta sha, miya ta sha, doyar da ake dafawa ta sha, hatta ruwan randa ya ɗauka. Mai jego da jaririn sai gidan maƙwabta aka kai su, don yaron ya fara tari.

Na shiga zaure ɗauko farantin goro, sai na ji muryar uwar mijin 'yarmu daga tsakar gida. Mace ce mai magana a fili.

"Ni kam, wa ya sayo wannan masifar?"

Ina tsaye bayan bango, tsakanina da su bai fi taku uku ba. Sai na ji Hajiya ta ce, "Ni ce, Yaya. Kuskure na yi."

"Ke da ake ba mu labarinki har Chanchaga? Mai girkin da ba ta san itace ba?"

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. In ɗaga labule in ce ni ne. Sai na ɗauki gorona na koma waje a hankali, kamar ɓarawon takalmi.

Ba a iya zubar da abincin ba, don babu wani, kuma mutane sun cika. Aka fito da shi. Wani dattijo ya kai loma ɗaya, ya daɗe yana juya ta a baki, sannan ya ce ai ya manta likita ya hana shi shinkafa. Na kusa da shi ya ce shi ma likitansu ɗaya. Faranti suka riƙa komawa kowanne da ramin loma guda. Ni kuwa, don kada a ce ban ce komai ba, na girgiza kai na ce, "Wallahi ban san abin da ya sami girkin yau ba." Da bakina na faɗa, a gaban surukaina. Da yamma aka juye wa awakin unguwa, suka sunsuna suka yi gaba.

Hajiya ba ta ce mini komai ba, ran nan ko washegari. Ta wanke tukwanenta da toka sau uku, ta kife su. Na zaci magana za ta mutu a mako ɗaya. Amma labarin abinci ya fi abinci saurin yawo. Waɗanda suka ga hayaƙin suka ce ba ta san itace ba. Waɗanda aka kai wa a kwano gida ba su ma san da hayaƙi ba, suka ce hannunta ne ya lalace. Wasu suka ce tsufa ne. Lokacin bukukuwan kafin azumi ya zo ya wuce, ba wanda ya yi sallama a ƙofarmu. Tana jin kiɗa a bayan layi, sai ta ƙara wa rediyo murya.

Ni kuma a lokacin abin da ya dame ni daban ne: so nake a tabbatar mini kirya ce. Na ɗauki guntu na kai wa maƙwabcina maƙeri, wanda muke zaman majalisa tare bayan La'asar. Na ce masa wasu ne suka cuci Hajiya da shi, suka ce mata kirya ce. Ya jefa a wutar maƙera, ya ja zugazugi sau biyu, sai ga mu duka a waje muna share hawaye.

"Wanda ya ce wannan kirya ce," in ji shi, "bai taɓa ganin kirya ba ko a mafarki. Jaki ne."

"Haka na gaya mata," na ce.

Duk da haka ban haƙura ba. Na sa wani guntun a aljihu na shiga motar Gwada ni kaɗai. Na sami tsohuwar nan a gonarta. Tana ganina ta gane ni.

"Kafinta, yaya suna?"

Na zauna a kan kunya na gaya mata. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ce in biyo ta. Muka gangara wajen wani rafi, ta nuna mini ɗan'uwansa a tsaye da ransa. Ta tsinko ganye ta murje a tafina ta ce in sunsuna, sai ga warin tsakar gidana. Ta nuna mini ƙasan bishiyar, awaki sun cinye duk ganyen da ke kewaye sun bar nata. Ta faɗi sunanta da yarensu, na maimaita sau uku tana dariya, kafin in kai bakin titi ya ɓace mini. Na tambayi mutane da yawa daga baya sunanta da Hausa, kowa da abin da yake faɗa, har yau ban tsayar da ɗaya ba.

Na ce, "To Mama, ba ta da amfani ke nan?"

"Yana da shi. In gafiya ya shiga rami, muna sa masa hayaƙin, ya fito da gudu."

Wato abin da na turara wa surukaina ke nan.

Ta ce su in sun ga itacen da ba su sani ba, ba sa duban nauyinsa. Suna neman mai rai su ga ganyensa, su duba ko dabba tana ci, su tambayi wadda ta girme su. In duk ba a samu ba, a ƙona ɗan tsinke a waje a ji. Ta ce, "Kai gara ya ƙi, ka ce mai kyau ne. Mu gara ya ƙi, muna tambaya me ya gani."

Na dawo gida na san gaskiya sarai, na kuma ci gaba da yin shiru. Na kwashe ragowar itacen na zubar a kwazazzabo. Kullum ina cewa gobe zan faɗa, kullum faɗar tana ƙara nauyi. Aka shekara, aka ɗora. Wata rana na dawo daga shago na ga tukwane uku a inda biyar suke. Na tambaya, ta ce ta sayar, tsatsa kawai suke yi. Ta faɗa tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

Abin da ya buɗe bakina shi ne auren 'yar maƙerin nan. Muna majalisa mu shida, ya ce yana so in yi masa uzuri, matarsa ta ɗauko wata mai girki daga wata unguwa. Ya ce, "Ka san mata, tun abin nan na sunan jikanka suke tsoro. Kada Hajiya ta ji babu daɗi."

Na ce, "Jakin da ka faɗa ran nan a maƙera, ni ne."

Ba su gane ba, sai da na ba su labarin tun daga lagireto. Na faɗi gargaɗin tsohuwa, da mai inji, da hana gwaji, da korar masu itace, da tsayuwata a bayan bango da farantin goro. Suka yi dariya har wani ya sauka daga benci. Daga ranar suka naɗa ni Sarkin Dawa, in na doso sai a ce a ɓoye kujeru kada in ce kirya ce. Amma da dariyar ta lafa, maƙerin bai sake yi ba. Ya ce, "Itacen kuskure ne, kowa yana yi. Amma ka bar baiwar Allah da wannan kaya fiye da shekara?"

Kafin Magariba labari ya gama unguwa, don kowa ya kai wa matarsa. Washegari matar maƙerin ta zo da kanta ta roƙi Hajiya. Ta je ta yi girkin da tukwanenta uku da na aro biyu, aka ci aka suɗe. Na kuma shiga mota na je Chanchaga na faɗa wa uwar mijin 'yarmu a gaban mijinta. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Ashe mun ci alhakinta."

Na zaci shi ke nan na gyara. Ban gyara ba. A tsawon lokacin da na yi shiru, wasu matasan mata masu girki da gas sun shigo, mutane sun saba da su. Ana kiran Hajiya jefi-jefi, amma bai koma kamar da ba, gwiwoyinta ma suka fara ciwo. Ranar da na zauna na ba ta haƙuri sosai, ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Malam, ni na rufa maka asiri na yini ɗaya ne, saboda baƙi. Na zaci da sun tafi za ka fita ka faɗa. Da ka faɗa a makon, dariyar kwana biyu za a yi maka." Ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, don ba ta sake tayar da maganar ba. Ni ne dai ban gama da kaina ba.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, babba ko yaro. In ka ga abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, ka tambayi waɗanda suke rayuwa da shi, ko da Hausarsu ba ta kai taka ba. In kuma ka riga ka yi ɓarna wani ya ɗauke maka laifin don ya kare mutuncinka, kada ka bari rana ta faɗi sau biyu ba ka karɓi kayanka ba. Don Allah kada ku yi irin tawa.